Teburin da Auta Ya Ɗinka

Shekarar Auta hamsin da ɗaya. Furfura ta ci rabin gemunsa, yana da shagon ɗinki mai keke uku, yana da mata da 'ya'ya huɗu, amma duk ranar hutun girbi a teburin yara yake cin abinci. Ba wanda ya shirya masa wannan da mugunta. Teburin falon Tsohuwa, mahaifiyarsa, mutum goma sha biyu yake ɗauka: ita, da yayyensa shida, da matansu da mazajensu iya inda kujeru suka kai. Shi kuwa tun yana ɗan shekara biyar aka ajiye shi a ɗan ƙaramin tebur kusa da firji, kuma daga ranar ba wanda ya tuna ya ɗauke shi.

Gidan kuwa ba ƙaramin gida ba ne. In an gama girbi aka ba da hutu, kowa ya kwaso iyalinsa, mutum sittin da uku ne ban da na goye. An auro daga gabas, an aurar yamma. Yare huɗu ake yi a tsakar gida, addu'a iri biyu ake yi kafin a ci. Matar babban yaya ba ta cin nama. Mijin yayarsa ma'aikaciyar jinya, wadda ake kira Nas, likita ya hana shi gishiri. Ga kuma wani dogon suruki da ya auri jikar gidan bara, wanda duk abin da ya iya a yaren gidan kalma ɗaya ce: "Madalla."

Bana Tsohuwa ta yi jinya da damina, har an kira kowa a waya. Ta tashi, amma abin ya taɓa Auta ƙwarai. Tsoro ya ji, tsoron kada mahaifiyarsa ta tafi bai taɓa cin abinci a tebur ɗaya da ita ba. Da wani ne, da sai ya buɗe baki ya ce, "Ku ɗan matsa mini." Auta fa? Allah ya kiyaye! Girman kai ba zai bar shi ba. Shi in kujera ɗaya yake nema, sai ya kawo tsarin da unguwa za ta yi wata tana maganarsa.

Ana gobe taro ya sami babban yayansu, tsohon hedimasta ne da ya yi ritaya amma muryarsa ba ta yi ba.

"Yaya, bana kowa a tebur ɗaya zai ci. Mu sittin da uku."

Hedimasta ya sauke tabarau. "Wane teburin?"

"Wanda zan haɗa."

"Kai kafinta ne?"

"Haba Yaya. Mene ne kafinta? Ya auna, ya yanka, ya haɗa. Ni me nake yi shekara talatin? Bambancinmu kawai, ni in na yi kuskure a jikin mutum ake gani, shi ya sa ba na yi."

Hedimasta ya kalli wandon da ke jikinsa, ɗinkin Auta, wanda ƙafarsa ɗaya ta ɗan fi ɗaya tsawo, bai ce komai ba. Auta ya ɗauki shirun a matsayin izini.

Washegari tun da hantsi ya tsaya a bakin ƙofar gida da tef ɗin awo a wuya da littafi a hannu. Duk wanda ya sauko daga mota, kafin a yi masa sannu da zuwa, sai ya ji tef ya zagaye shi. Faɗin zama yake aunawa, don kowa ya sami wurinsa daidai. Kuma da yake a shago haka ya saba, da ƙarfi yake faɗin awon.

"Matar Yaya, hamsin da biyu!"

"Arba'in da takwas," in ji ta a hankali.

"Wannan bara ne, Anti. Tef ba ya son kai."

Yayarsa Nas ta ɗaga masa yatsa tun daga nesa. "Ka kusanto ni da igiyar nan, wallahi sai na yi maka allurar da za ka yi sati kana zama da gefe ɗaya."

"Ba sai na taɓa ki ba, Yaya. Ke da ido ma na san ki." Ya rubuta wani abu, ya rufe littafin da sauri.

Dogon suruki ya ga ana auna kowa, ya ɗauka al'adar gidan ce. Ya ajiye jaka, ya miƙe tsaye ƙyam, ya ware hannuwa, aka auna shi, ya ce, "Madalla."

Da aka gama, Auta ya haɗa lissafinsa, ya ƙara wa kowa inci biyu na shan iska kamar yadda ake yi wa riga. Sai maganar katako. Katako kuwa ba ya buƙatar zuwa ko'ina, ga shi nan rataye a kowane ɗaki yana zaman banza. Ya ɗauki sukudireba.

Ƙofar falo ya fara cirewa. Ya bi da ta ɗakin baƙi, ta kicin, ta ɗakunan kwana huɗu. Matarsa ta fito da ludayi a hannu ta same shi durƙushe a bakin banɗaki.

"Baban yara, wannan ma?"

"Ita ta fi su santsi."

"Mutum sittin ne fa a gidan nan."

"Na ɗinka labule. Ki je ki ga labulen tukuna kafin ki yi magana."

Labulen dai ya yi kyau, gaskiya. Matsalarsa ɗaya, da yake duk ƙofofin gidan sun tafi, iska ta samu hanya tun daga ƙofar gida har bayan gida, tana ɗage labulen. Mutum na farko da ya gane haka mijin Nas ne, kuma bai ƙara haɗa ido da kowa ba ranar.

Ƙofa ta tara ita ce ta sito, irin mai gida biyu ɗin nan da ke ninkewa a tsakiya, hinji uku, ƙarafan da ƙofa ke juyawa a kansu, na riƙe da ita. Ita Auta ya fi so, don in an shimfiɗe ta ta fi kowace tsawo. Ya sa aka kai tsohon teburin ɗakin baƙi, ya ce ya yi aikinsa, Allah ya saka masa. Sabon kuwa ya faro daga ƙarshen falo, ya bi ta bakin ƙofar falon ya fito baranda, ya sauka matakala biyu, ya miƙe tsakar gida har kusa da inda ake ajiye motoci. Ƙafafunsa duro biyu ne, da buhunan hatsin bana, da akwatunan baƙi, da ƙafar wani tsohon keken ɗinki. Inda ƙofa ta haɗu da ƙofa, ya ɗaure da tsummoki, ɗauri mai kyau irin na gwani.

Maƙwabcinsu kafinta ne na gaske. Ƙarar da ya ji ce ta sa ya hau kan benci ya leƙo ta katanga, ya ɗora haɓa a kan hannuwansa.

"Sannu da aiki, Tela."

"Yauwa. Ka zo ɗaukar darasi?"

"Na zo kallo. Me ka sa a ƙarƙashin tsakiyar ƙofar siton nan?"

"Ba komai."

"Wurin hinjin fa nake nufi."

"Hinji ƙarfe ne, Malam. Katako ma bai nemi taimako ba, sai ƙarfe?"

"Ka san aikin hinji kuwa?"

"Ya riƙe."

Kafinta ya juya ya kira matarsa, ya ce ta kawo masa shayinsa nan, kuma ta zo da nata bencin.

Abin da ba wanda zai ƙi yaba wa Auta shi ne mayafin teburin. Kwana uku ya yi yana haɗa shi, farin yadi guda ɗaya tun daga falo har tsakar gida, ɗinki biyu-biyu a kowace mahaɗa. Da aka shimfiɗa shi, duro da buhu suka ɓace, har Nas sai da ta ce, "To." Mariƙan ƙofofin ne kawai suka tsaya nan da can kamar ƙulu a goshi. Auta ya ce na rataya jaka ne. Ya bi da allin ɗinki ya shata wa kowa wurinsa, ya rubuta lamba.

Sai da rana ta take aka gane cewa teburin ya toshe ƙofar falo. Wanda ke ciki yana ciki, wanda ke waje yana waje. Kicin da banɗaki suna ciki. Mutanen tsakar gida in suna da buƙata, sai su bi ta ƙarƙashin tebur da rarrafe. Wani kawu mai tumbi ya gwada, ya maƙale tsakanin duro da akwati, sai da aka ja shi ta ƙafa.

"Wannan ai motsa jiki ne kafin abinci," in ji Auta. "A manyan wurare tsara shi ake yi da gangan."

Aka zaunar da Tsohuwa a goshin tebur can ƙarshen falo, Hedimasta a damanta. Auta ya tsaya a baranda da littafinsa yana kiran lamba, kowa na shiga wurinsa. Kuma abin mamaki, suka shiga! Kafaɗa ta haɗu da kafaɗa, ba ragi ba ƙari. Mutum na ƙarshe ya zauna daidai inda teburin ya ƙare. Auta ya rufe littafi, ya kalli katanga.

"Malam Kafinta, da magana?"

"Tambaya ɗaya. Kai a ina za ka zauna?"

Auta ya buɗe littafin. Ya bi shafi na farko da yatsa, ya bi na biyu. Ya koma farko. Mutum sittin da biyu ne a rubuce. Shekara talatin yana auna mutane, bai taɓa juya tef ya auna kansa ba, kuma yau ma bai yi ba.

Ya rufe littafin. "Ni ai dama tsaye zan yi," ya ce. "Wa zai lura da aiki in na zauna?"

Aka zo addu'a. Masu ɗaga hannu suka ɗaga, masu haɗa hannu suka haɗa, ko dai suka yi niyya. A nan aka gano abu na biyu. Auta ya auna mutane ne yadda ake auna su a shago, a tsaye, hannuwa a manne da jiki. Ba wanda ya gaya masa cewa mai cin abinci yana da gwiwar hannu. Hedimasta ya kai cokali baki, ya daki haƙarƙarin na kusa da shi. Nas bahaguwa ce, ita da maƙwabcinta suka yi karo sau uku a loma ɗaya.

"A natsu!" in ji Auta yana tafa hannu. "Abu ne mai sauƙi. Masu lamba ɗaya, uku, biyar, ku sunkuya ku ci loma. Masu biyu, huɗu, shida, ku jingina baya. In na tafa, a canza."

Wallahi haka aka yi. Mutum sittin da biyu, masu yare huɗu, rabi na sunkuyawa rabi na jingina, wani mai furfura yana tafa musu. Tsohuwa dai ba ta shiga layi ba. Tun da aka zuba mata, ta ɗauke farantinta da kofinta ta ɗora a cinya. Jikarta ta tambaye ta dalili, ta ce, "Ni na haife shi."

Daga baranda zuwa tsakar gida teburin ya ɗan karkata. Lemo ya fara gangarawa, ɗaya bayan ɗaya, yara na can ƙasa suna cafkewa suna ihu. Kwanon nama ya taho a hankali ya tsaya a gaban matar Hedimasta kamar an aiko shi. Kwanon ganyen da aka dafa mata daban ya riga ya wuce can wajen motoci. Abincin mijin Nas marar gishiri ya faɗa hannun kawu mai tumbi, ya ɗanɗana ya ce wa ya mutu.

Zuwa lokacin katanga ta cika. Kafinta, matarsa, mai shagon kusurwa, da wasu mutum biyu da ba wanda ya san su.

"Tela," in ji Kafinta, "tsakiyar nan ta fara lotsawa."

"Yadi ne ya yi ciki."

"Ba yadi ba ne."

"Malam, kishi ba kyau. Ka ga an yi aiki ba ƙusa ko ɗaya, hankalinka ya tashi."

Sai ga babbar tukunyar miya ta fito daga kicin, wadda sai mutum biyu suke ɗaukarta. Aka turo ta kan tebur ta bakin ƙofar falo. Auta ya ce a bar masa. Ya naɗe hannun riga, ya rungume ta da tsumma, ya sauko matakala yana nishi, ya ratsa bayan mutane har tsakiyar ƙofar sito. Ya cusa kansa tsakanin dogon suruki da wata ƙanwar matar wani. Ya ɗaga kai ya tabbatar Kafinta na kallo.

"Nan ne kake tsoro, ko?"

Ya dire tukunyar a kan hinji. Ba abin da ya faru. Ya yi murmushi, ya dafa murfin da hannu biyu, ya ɗora nauyinsa a kai.

"Ka gani? Ko giwa ce…"

Hinji ya yi aikinsa. Ƙofar sito ta ninke, tukunya ta nutse, Auta ya bi ta da ka.

Da mayafin na wani tela ne, da ya yage a mahaɗa ta farko, an yi asarar tukunya ɗaya an huta. Amma ɗinkin Auta ne, biyu-biyu, ko zare ɗaya bai tsinke ba. Yadin ya ja daga falo, ya ja daga wajen motoci, duk abin da ke kansa ya taho tsakiya. Shinkafa, kaji, dankali, kabewa, kofuna, cokula, tabarau ɗin Hedimasta, duk suka wuce ta gaban masu su a guje, suka zube a rami ɗaya, a kan mutum ɗaya. Tsummokin ɗauri suka saki. Ƙofofi suka faɗi bi da bi. Buhu ɗaya ya fashe, hatsi ya ci gaba da zuba shuuu bayan komai ya yi tsit.

Mutum sittin da biyu suna zaune a layi biyu suna kallon juna, kowa da cokali a hannu, ba komai a tsakaninsu.

Dogon suruki ya leƙa cikin ramin, ya duba hagu, ya duba dama, ya ga ba wanda ya yi magana. Ya ce, "Madalla."

Katanga ce ta fara dariya, sannan gida ya ɗauka. Auta ya fito daga ƙarƙashin yadi, miya na ɗiga daga gemunsa, ganye a kunne. Allah ya taimake shi miyar ta huce. Nas ta zo ta juya shi gaba da baya, ta ce bai ƙone ba, abin takaici.

"Gwaji ne," in ji Auta. "Kowane sabon abu sai an…"

Ba wanda ya tsaya ji. Kafinta ya sauko ya zagayo da jakar kayan aikinsa, ya fara da ƙofar banɗaki ba tare da an roƙe shi ba. Aka kwashe, aka share, aka fito da tsohon teburin daga ɗakin baƙi aka mayar da shi wurinsa. Abin da ya tsira burodi ne, da ɗan dankalin da ya rage a kicin, da lemon da yara suka cafke. Manya goma sha biyu suka koma kujerunsu. Auta ya wanke fuska, ya sa wata tsohuwar rigar Hedimasta da ta yi masa yawa, ƙafafunsa suka kai shi kusa da firji. Ya ja 'yar kujerarsa ya zauna cikin yara, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa.

"Auta."

Tsohuwa ce. Ba ta ɗaga murya ba, amma falon ya yi shiru. Ya taso ya durƙusa a gefenta.

"Duk wannan me ya kawo shi?"

"Mama, haɗin kan iyali ne. A zamanin yanzu…"

"Ba wa'azi na tambaye ka ba."

Ya kalli ƙasa. Da muryar ta fito, ba irin wadda ya yini yana amfani da ita ba ce.

"Kujera nake so, Mama. A nan. Kusa da ke."

Nas ta ajiye burodinta. Hedimasta ya fara ƙirga wani abu da yatsu, ya kai wani wuri ya daina. Kunya ta kama teburin gaba ɗaya, don ba wanda ya taɓa lura, shekara arba'in da shida.

Tsohuwa ta daɗe tana kallonsa.

"Kujera," ta ce. "Ka cire mini ƙofa tara saboda kujera."

"Eh, Mama."

"Bakinka ciwo yake yi?"

"A'a, Mama."

Ta juya dama. "Kai, tashi."

Hedimasta ya dafa ƙirji. "Ni, Mama?"

"Kai ka fi kusa. Je ka can wajen firji. Ai ka saba da yara."

Hedimasta ya tashi, shekararsa saba'in, ya ɗauki burodinsa ya tafi. Tsohuwa ta buga kujerar da tafin hannu.

"Zauna. Daga yau nan ne wurinka. Kuma kada wani ya ɗauka lada ne. Yaron nan duk inda idona bai kai ba, ɓarna yake yi."

Auta ya zauna. Kujerar da ɗumi. Daga nan ana ganin fuskar kowa, abin da bai taɓa sani ba. Tsohuwa ta ɗauko farantinta daga cinya, shi kaɗai ne cikakken faranti da ya rage a gidan, ta raba shinkafar biyu da cokali, ta tura masa cinyar kazar ɓangarensa.

Idonsa ya cika. Ya yi gyaran murya, ya gyara wuyan rigar da ba tasa ba, ya dubi yayyensa.

"Ai in kun lura, tun farko tsarin da na yi shi ne…"

"Ci," in ji Tsohuwa.

Ya ci.